Butar Kaka Ba Ta Kilo Ba Ce

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da muke gani ƙarami, alhali kuwa asara muke tafkawa a cikinsa. Ina nufin tsofaffin butoci da shantula da tasoshi masu ruwan azurfa, irin waɗanda iyayenmu mata suke jerawa a kabad, ba a sauko da su sai ranar suna ko sallah ko in an yi babban baƙo.

Abin da ke faruwa yanzu shi ne, da zarar tsohuwa ta kwanta dama aka zo rabon gado, sai a ware waɗannan kaya gefe a ce tarkace ne. Kafin a yi sadakar arba'in, ɗan gwangwan ya zo da sikelinsa ya auna su a kilo, ya miƙa kuɗin da ba za su yi cefanen kwana biyu ba. A ganina wannan kuskure ne babba, musamman gare mu da muka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya muka yi kaka-gida a nan. Wanda ya yi ƙaura ba ya ɗauko gona, ba ya ɗauko soron gidansu. Ɗan abin da ya shiga akwati shi ne shaidar inda aka fito.

To amma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin butocin nan ba azurfa ba ce zalla. Tun wajen 1743 wani mutumin Sheffield a Ingila, Thomas Boulsover, ya gano yadda ake manna azurfa a jikin jan ƙarfe. A 1840 kuma kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar dabarar yi wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki, abin da ya sa kayan suka yi araha suka bazu a duniya. Ku kifa butar ku duba gindinta. In kun ga haruffan EPNS, to ruwa ne kawai aka yi mata, ainihin jikinta kuwa haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki. In kun ga lamba 925, wannan alamar azurfa ce ta gaske, sai a kai wa maƙerin fari ya tabbatar. Sanin wannan zai hana a cuce ku wajen saye, ya kuma hana 'yan uwa rigima a kan dukiyar da babu ita.

Wani zai ce, tunda ba azurfa ba ce, mene ne na ajiye ta? Ai darajar irin wannan kaya ba a nauyinsa take ba. Mu dubi garin nan da muke zaune. Sarki Sulaimanu Barau, wanda aka sa wa Suleja sunansa, ya riƙa adana tukwanen Ladi Kwali tun duniya ba ta san ta ba. A gidansa Bature Michael Cardew ya ga aikinta, kuma a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a nan garin. Yau hotonta ne a bayan takardar naira ashirin. Yumɓu ne fa, ƙasar da muke takawa. Da sikeli aka bi, da babu wanda zai waiwaye shi.

Haka kuma ba duk kayan jeren ne na Turai ba. Da yawa aikin maƙeran Bidda ne a nan jiharmu ta Neja, waɗanda suka shahara da butoci da farantan tagulla masu zane da aka buga da hannu. Duk wadda aka narkar, an rasa ta ke nan har abada.

Sai dai ina da ƙorafi a kan masu kulle su a kabad shekara da shekaru. Kayan da yaro bai taɓa ganin an zuba wa baƙo ruwa da shi ba, ba zai ji zafin sayar da shi ba. A sauko da su ranar sallah, a faɗa wa yara ta wace ce, daga wane gari ta zo, a auren wa aka kawo ta.

Iyaye mata, don Allah a daina dirje su da toka ko yashi ko soson ƙarfe, domin ruwan azurfar siriri ne, kowace dirza cinye shi take yi. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun wadatar, a goge ta bushe sarai. Kada a bar zoɓo ko kunun tsamiya ya kwana a ciki. In kuwa cikinta ya koɗe har jan ƙarfe ya bayyana, ko ta fara kore, to ta gama aikin shayarwa, a bar ta a jere kawai.

Shawarata ga magada ita ce, in an zo rabo, a yi wa kayan kuɗi, wani daga cikin dangi ya saya, su zauna a gida. Abin da kaka ta yi shekara hamsin tana gogewa bai kamata ya ƙare a buhun ɗan gwangwan ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun sake haɗuwa, wassalam.