Kada A Jingina Ƙofar Shiga Ga JavaScript Kaɗai

Sau da yawa mai amfani da kwamfuta yakan rubuta sunansa da kalmar sirri a shafin intanet, ya danna maɓallin shiga, amma shafin ya yi tsit. Nan da nan sai a ɗora wa layin sadarwa laifi. Galibi kuwa ba a nan gizo yake saƙa ba, matsalar tana cikin 'yan umarnin da aka rubuta wa fom ɗin da harshen JavaScript.

Wannan harshe Brendan Eich ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape na Amurka a 1995, domin shafi ya iya gudanar da wasu ayyuka a kwamfutar mai karatu, ba sai ya tuntuɓi babbar kwamfutar da ke ajiye da bayanai ba, wato saba. Shi kuwa fom yana iya aika saƙonsa da kansa, ko da babu JavaScript. Abin da yake bukata shi ne adireshin da zai tura bayanan, da suna a kan kowane gurbi.

Daga nan kurakurai suke farawa. Gurbin da ba a ba shi sifar name ba, burauza ba ta aika abin da ke cikinsa, sai saba ta ga kamar ba a rubuta kalmar sirri ba. Haka kuma idan mai tsara shafi ya raɗa wa maɓalli suna submit, sunan yakan danne umarnin aikawa mai irin wannan suna, ya hana shi aiki. Wani abin mamaki shi ne, kiran umarnin submit kai tsaye yakan tsallake duk binciken da aka tanada kafin aikawa, dalilin da ya sa daga baya aka samar da requestSubmit. Duk waɗannan ana gano su cikin minti kaɗan, muddin aka buɗe kayan bincike na burauza aka duba ko saƙon ya fita, da abin da ya ɗauka. Wanda bai duba ba, lalube yake yi a cikin duhu.

Amma babban kuskure na tunani ne. Hukumar ayyukan dijital ta gwamnatin Birtaniya ta auna a 2013, ta tarar mutum 1 cikin 93 na masu ziyartar shafinta ba ya samun JavaScript, kuma mafi yawansu ba kashe shi suka yi ba, umarnin ne bai iso gare su ba. Idan haka ta faru a Birtaniya, ina ga ɗalibin da yake rajista da wayar hannu a garin da layi yake yankewa? Fom ɗin da ba ya motsi sai umarnin ya sauka, ya rufe wa irin wannan ɗalibi ƙofa.

Bugu da ƙari, duk binciken da aka yi a kwamfutar baƙo, baƙon yana iya goge shi ko ya sauya shi. Saboda haka lalle ne tantance kalmar sirri ya kasance a saba, a aika ta ta hanyar POST cikin layi mai tsaro na HTTPS, don kada ta bayyana a adireshin shafi. Aikin JavaScript a nan bai wuce ya tunatar da mutum cewa ya bar gurbi babu komai ba.