Kowane ƙunshi da mai riƙonsa

A Kore Mairuwa kowa ya san makomar famfon da ba shi da kwamitin kula: ranar da ya lalace, sai mata su koma rijiya da guga.

Haka yake ga Debian, tsarin tafiyar da kwamfuta da Ian Murdock ya kafa a 1993. Ba na kamfani ba ne, ƴan sa kai ke riƙe da shi. Manhajojinsa ƙunshi-ƙunshi suke, sama da dubu 60, kowane da mai riƙonsa: shi ke haɗa shi, ya gwada, ya toshe ɓaraka in ta ɓullo. Ƙunshin da aka saki, maraya suke ce masa, kuma sunan ya dace.

A 2024 aka gano ƙofar ɓarayi cikin xz, manhajar matse fayil. Mutum guda ya yi shekaru yana ɗawainiyarta har ya gaji, wani ya shigo da sunan taimako ya dasa mugunta. Allah ya kiyaye, an kama ta da wuri.

To, sakataren magajin gari ko ɗan kasuwar da aka girka wa Debian don kyauta ce, ya tambayi mai girkawar: wa zai riƙa sabunta ta, kuma jikka nawa ne ladansa?