Bashin gida ba kafin alƙalami: ina rabon manomin Zurmi?

A shekarar 2018, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ya sanar da sauƙin da ya faranta wa mutane rai: wanda zai karɓi bashin gida na naira miliyan 5 ko ƙasa da haka ba sai ya ajiye kuɗin kafin alƙalami ba. Shugaban bankin a lokacin shi ne Ahmed Musa Dangiwa, ɗan Jihar Katsina, wanda ya zama ministan gidaje a 2023. Bashin yana fitowa ne daga Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ma'aikaci ke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, ya ci bashi da ruwan kashi 6, ya biya cikin shekaru har 30.

Tsarin ya dace da malamin Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda a Jihar Zamfara, mai albashin da ake iya cirewa duk wata. Manomin gero da wake a ƙauyukan Zurmi, ko mai fataucin awaki a kasuwar Shinkafi, kafin alƙalami bai taɓa zama babbar matsalarsa ba. Abubuwan da suka tare masa hanya suna nan yadda suke.

Banki ba ya karɓar jinginar fili sai da takardar mallaka. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma, kuma ba a jinginar da su sai da amincewar hukuma. Galibin filayen karkarar Zamfara gado ne. Shaidarsu ita ce dagaci da maƙwabta da dattawan da suka san iyaka, wani lokaci da 'yar takardar ciniki mai hatimin hakimi. A gari wannan shaida ta wadatar, a banki kuwa ba ta da daraja.

Sai biyan wata-wata. Kuɗin manomi da kaka suke zuwa. Mutumin da aka ce ya kawo kuɗi a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, an tura shi ya sayar da tunkiyar da yake kiwo don Babbar Sallah ne. Ga kuma kuɗin ruwa. A jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, mutane da yawa za su gwammace zaman ɗakin da ke yoyo da su sa hannu a takardar riba, komai ƙanƙantarta, kuma babu dalilin ganin laifinsu. Bankin Jaiz yana aiki ba ruwa tun 2012, don haka hanyar ba baƙuwa ba ce.

Ko Amurka, inda ma'aikatar noma ke tsaya wa mazauna karkara su sayi gida ba tare da ajiye komai ba, ta gina nata tsarin ne a kan filaye masu rajista da kuɗin shiga da ake iya tantancewa. Kwafo rabin tsarin a bar rabi ba zai haifar da gida ba.

Wanda ya san yankin ya san yadda ake gini. Bana a buga tubali ko a sayi bulo ɗari biyu a jibge a fili. Baɗi, in adashi ya zagayo, a kira magini ya kai gini linta. Sannan a sayi kwano bandir ɗaya, a rufe ɗaki guda, iyali su tare, sauran ya jira wata kakar. Tsadar siminti tun 2023 ta ƙara tsawaita wannan jira, ta kuma rage abin da miliyan 5 ke iya ginawa. Irin wannan mutum ba bashin shekara 30 yake nema ba. Siminti da kwano da katako yake buƙata, a sayar masa bashi da ribar da aka yanke tun farko, ya biya da kaka biyu ko uku, ƙungiyar manomansa ta tsaya masa.

Abin da ya fi ciwo shi ne wanda ya riga ya gina ya gudu ya bari. Hare-haren 'yan bindiga sun kori iyalai daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi zuwa cikin gari, zuwa Ƙaura Namoda da Gusau, suna cunkushe a gidajen 'yan'uwa da kangaye da ɗakunan haya. Babu bankin da zai karɓi jinginar gida a ƙauyen da mutanensa ba sa kwana a ciki. Waɗannan su suka fi kowa buƙatar matsuguni, su ne kuma tsarin ya fi nisa da su.

Gwamnatin Zamfara da ƙananan hukumomin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda suna da abin yi da ba ya jiran Abuja: su yanka filaye a gefen garuruwan da ke da tsaro, su ba da takardun mallaka cikin sauƙi da araha, su mayar da shaidar hakimai takardar da banki zai karɓa. FMBN kuma ya kawo lamuni marar ruwa mai biyan kaka-kaka, ya buɗe wurin karɓar masu nema a Ƙaura Namoda, kusa da mutanen Shinkafi da Zurmi.