Dokar Intanet a Nijeriya: Kafin a Toshe Baki, a Fara Jin Harshe

Ina godiya ga hukumar wannan mujalla tamu mai farin jini da ta ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan muhawarar da ta daɗe tana tayar da ƙura a ƙasar nan, wato wa ya kamata ya sa ido a kan abin da ake faɗa a intanet, kuma da wace irin sanda. Wani zai ce me ya haɗa ɗalibin harshe da wannan batu, ai na lauyoyi ne da masana kwamfuta. To, a yi haƙuri a saurari wani abu da ya faru a gabana.

Ni ba Bahaushe ba ne. Bayarabe ne ɗan Ibadan, kuma a bakin 'yan kasuwar Sabo na fara tsintar Hausa kafin in zo in koye ta a aji. A watan Fabrairun 2021, lokacin da rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha tsakanin Hausawa da Yarabawa, wani maƙwabcinmu ya shigo gidanmu a firgice da wayarsa a hannu. An turo masa saƙon murya na Hausa ta WhatsApp, an rubuta a ƙarƙashinsa da Yarabanci cewa Hausawa na shirya makamai za su kawo hari da dare. Da yake ya san ina ɗan jin harshen, sai ya ce in saurara. Muryar wani dattijo ce, tana rawa don tsoro, yana cewa 'yan'uwansa su shirya kayansu su kwashe mata da yara kafin dare ya yi. Mutumin gudu yake shirin yi. Wanda ya fassara “kaya” da “makamai”, ko jahilci ne ya ja shi ko mugunta, ya kusa sa maƙwabcinmu ya kwana da adda a hannu yana jiran mutanen da su ma tsoronsa suke ji. Tun daga ranar na gane cewa tsaron intanet a ƙasa irin tamu, kafin ya zama maganar na'ura, maganar harshe ce.

Ɓarnar gaskiya ce

Da farko dai, ba na cikin masu cewa a bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Magana zarar bunu ce, balle wadda ke isa ga dubban mutane cikin minti ɗaya. A watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, an yi ta yaɗa saƙon cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa rigakafi ne. Mutane sun rasa rayukansu, wasu da dama sun kwanta a asibiti. A watan Yunin 2018 kuma aka baza wasu munanan hotuna a Facebook da sunan kisan da ake yi wa 'yan ƙabilar Birom a yankin Gashish na Jihar Filato. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa wasu daga cikin hotunan ba su da alaƙa da wurin, ɗaya ma daga ƙasar Kwango Brazabil ya fito tun 2012. Amma kafin a gano haka, an riga an tare hanya an kashe matafiya. Ga kuma 'yan damfara da ke kiran iyayenmu da sunan banki suna karɓe lambobin sirrinsu. Don haka duk wanda ya ce ba a buƙatar doka, bai yi wa waɗannan mutane adalci ba. Abin tambaya shi ne wace irin doka, kuma a hannun wa.

Sandar gwamnati

Idan muka duba yadda hukumomi suka tunkari lamarin, za mu ga sanda biyu suka fi ɗauka: rufewa da kamu. A ranar 4 ga Yunin 2021 Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da Twitter, wanda a yanzu ake kira X, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. A saƙon, shugaban ya tuna da yaƙin basasa, ya ce za a yi wa masu tayar da ƙayar baya magana da harshen da suke ganewa. Wasu sun ji gargaɗi, wasu sun ji barazana ga ƙabila guda. Ku lura, wannan rigimar ma a kan ma'anar kalmomi ta tashi. An yi kwana 222 ƙofar na rufe, sai a ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe. Masu wayo sun zagaya ta manhajar VPN sun ci gaba da harkarsu. Waɗanda suka ji jiki su ne ƙananan 'yan kasuwa da ke tallata hajarsu a dandalin. A watan Yulin 2022 Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa doka, ta kuma tauye 'yancin faɗar albarkacin baki.

A watan Satumban 2021 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a Jihar Zamfara bisa buƙatar gwamnatin jihar, don a hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto. Daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. An ce mako biyu ne, amma aka yi ta tsawaitawa. Ban musa cewa niyyar mai kyau ce ba, kuma wanda aka sace masa ɗa zai iya cewa a rufe komai ma in dai za a samu sauƙi. Sai dai layin da ɗan bindiga ke kira da shi, shi ne layin da ɗan ƙauye ke kiran jami'an tsaro da shi, shi ne kuma wanda ɗan ci-rani a Legas ke aika wa mahaifiyarsa kuɗin magani ta kansa. An yi hukuncin kan mai uwa da wabi, an dawo da layukan, ta'addancin kuwa bai ƙare ba.

Sanda ta biyu ita ce kamu. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 3, ko tarar da za ta kai Naira miliyan 7, ga wanda ya aika saƙon ƙarya don ya ɓata wa wani rai ko ya ci mutuncinsa. Mu da muke nazarin ilimin ma'ana mun san irin waɗannan kalmomi ba su da iyaka. Gaskiya ma tana ɓata rai, kuma mai mulki shi ya fi kowa saurin ɓacin rai. An yi wa sashen gyara a 2024 an rage faɗinsa, amma ko a watan Mayun shekarar sai da aka tsare ɗan jarida Daniel Ojukwu bisa zargin saɓa wa wannan doka. Kafin nan, a watan Nuwamban 2022, an kama wani ɗalibi kamarmu na Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda jimla guda ta Hausa da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. An kai shi Abuja, aka tura shi gidan yari, sai da jama'a suka yi ca sannan aka janye ƙarar. A wannan watan ne wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a TikTok game da gwamnan jihar na lokacin. Ni dai ban ga yadda wannan zai kare mai shan ruwan gishiri ko matafiyin da aka tare a hanya ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Daddawa ma da wari

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandali suna cin riba da harsunanmu, ba sa kashe kuɗin da ya kamata wajen kula da su. Binciken BBC na 2018 da na ambata ya gano cewa mutum 4 kacal ne ke aikin tantance labarai na cikakken lokaci ga 'yan Nijeriya miliyan 24 da ke amfani da Facebook a lokacin, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Daga baya an shigar da Hausa da Yarabanci da Ibo cikin aikin. Duk da haka, a 2023 ma'aikata fiye da 180 masu duba saƙonnin Facebook a Nairobi suka shigar da ƙara a kotun Kenya bayan an sallame su, kuma cikinsu har da 'yan Nijeriya masu duba na Hausa. Sauran aikin an bar wa na'ura.

To, me na'ura take ji? A ƙamus, “aboki” kalma ce mai daɗi. Amma duk wanda ya zauna a Legas ko Ibadan ya san cewa idan wani ya rubuta ta a ƙarƙashin hoton mai sayar da tsire, sau da yawa raini ne. Na'ura za ta bar ta ta wuce. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai wasan barkwanci tsakanin Gobirawa da Yarabawa, kamar yadda yake tsakanin Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi. Idan Bagobiri ya kira ni bawansa, ni na san zumunci ne, zan rama in yi dariya. Na'urar da aka horar da Turanci, ko jami'in da bai san al'adar ba, zai ce kalaman ƙiyayya ne. Ga habaici da gugar zana, inda ake yanka mutum ba tare da an kama suna ba. Ga bambancin karin harshe, ga masu rubuta Hausa ba ƙugiya har “ƙasa” da “kasa” su zama ɗaya, ga saƙon murya da ya fi rubutu yawo a tsakanin mutanenmu. Wanda bai ji harshe ba ba zai iya alƙalancinsa ba, ko shi minista ne ko injiniya a Amurka.

Mafita

A nawa ɗan ƙaramin tunani, abu huɗu ya kamata a yi. Na farko, kada a sake rufe wani dandali ko katse layi da sanarwar minista ko wasiƙar gwamna kawai. A je gaban alƙali, a kawo hujja, a yanke wa'adi. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba mu 'yancin magana, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi ne kawai ta hanyar dokar da ta dace da tsarin dimokuraɗiyya.

Na biyu, a rubuta dokar da kalmomi masu iyaka, a bambanta tunzura mutane su yi kisa da sukar mai mulki, sannan a fassara ta zuwa manyan harsunanmu. Ba adalci ba ne a hukunta mutum a kan abin da ya faɗa da Hausa bisa dokar da bai taɓa jin ta da Hausa ba.

Na uku, a matsa wa kamfanoni lamba ta aljihunsu. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta ci kamfanin Meta tarar Dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kuma a Afrilun 2025 kotun sauraren irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar. Wannan ya nuna ana iya riƙe ƙahon babban kamfani ba tare da an toshe bakin talaka ba. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2022, ta wajabta wa manyan dandali su bayyana adadin ma'aikatan da ke duba saƙonni a kowane harshe na ƙasashenta. Me zai hana mu nemi a gaya mana mutum nawa ke duba Hausa, nawa Yarabanci, nawa Fulatanci?

Na huɗu namu ne. Sau nawa ake yi mana gori a wannan jami'a, ana cewa me za ku ci da digirin Hausa? Ga amsa nan a gabanmu. Ana buƙatar masu fassara, da masu tantance labari, da masu ƙirƙiro kalmomin da za a yi wa tsohuwa bayanin damfarar waya har ta gane. Mu da muka tashi a Kudu muna da wata baiwa ta daban, domin muna jin ɓangarorin biyu. Mun san abin da “aboki” ke nufi a Kano, mun san abin da ake nufi da ita a Oshodi. Ina ba ƙungiyarmu shawara ta fara tattara irin waɗannan kalmomi masu fuska biyu, da bayanin inda suke zama wasa da inda suke zama zagi, malamanmu su duba mana. Ko kundin digiri ma ana iya rubutawa a kai.

Kammalawa

A ƙarshe, kafin a gyara doka a Abuja, kowa ya gyara yatsansa. Idan aka turo maka saƙo da harshen da ba ka ji, kada ka dogara da fassarar wanda ba ka sani ba. Idan kuma kana jin harshen, to ka saurara har ƙarshe, ka faɗa wa na kusa da kai gaskiyar abin da aka ce, ko da ba ita yake son ji ba. A daren da na ba ku labari, maƙwabcinmu ya mayar da addarsa ƙarƙashin gado, ya koma ya rubuta wa waɗanda suka turo masa saƙon cewa ƙarya ne, mutumin gudu yake yi. Ɗan Hausar kasuwa da na tsinta ne ya yi wannan aiki, balle mu da muke shekara huɗu muna nazarinta.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.