Kukan da ba shi da kwanan wata

Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, duk garin da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta ratsa ya san ciniki, ya kuma san hayaniya. Injin niƙa yana tashi tun asuba, mai walda yana tada janareto da zarar wuta ta ɗauke, lasifikar biki kuwa ba ta yin shiru sai dare ya raba. Kowa abincinsa yake nema. Amma maƙwabcin da ke jinyar tsoho, ko wanda ɗansa ke shirin jarrabawa, shi ma yana da haƙƙin barci.

Doka ba ta mance da shi ba. Doka mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba 1998, wadda ta shafi kula da muhalli, ta hana ƙarar da ke cutar da lafiya ko take takura wa maƙwabta fiye da kima. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na ranar 17 ga Satumba 2010 kuma ya ɗora wa magajin gari nauyin tsare kwanciyar hankalin jama'a.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake kai kukan. Mutum zai tari shugaban gari a ƙofar masallaci ko wurin suna, ya faɗa masa da baki, a ce masa za a duba. Damina ta wuce, rani ya wuce, injin bai fasa ba. Ranar da haƙuri ya ƙare ya nufi hukumar da ke sama, tambayar farko ita ce: yaushe aka kai kukan, ina takardarsa? Nan bakinsa zai mutu.

Dalili kuwa, ƙorafi a kan hukuma yana da wa'adi. A Ingila, dokar 1974 ta ba mai kuka wata 12, daga ranar da ya san da matsalar, ya kai ƙarar hukumar garinsu wurin mai binciken koke-koke. A Faransa, wata 2 ne ƙa'idar ƙalubalantar shawarar hukuma gaban alƙali. A Nijar, wadda ta gaji wannan tsari daga Faransa, mai neman a soke shawarar hukuma sai ya fara komawa wurinta ko wurin na gaba da ita kafin ya je kotu, kuma kowane mataki da nasa wa'adin. Shirun hukuma ma, idan ya kai lokacin da doka ta yanka, ƙin amincewa ake ɗaukarsa, daga nan kwanaki su fara tafiya. Duk wannan lissafi daga kwanan watan da ke kan takarda yake farawa.

Wa'adin yana da hujjarsa. Hayaniya ba ta barin sawu kamar ɓarnar dabbobi a gona. Bayan shekara biyu babu mai iya auna ƙarar da aka yi jiya da shekaranjiya, shaidu sun watse, mai injin wataƙila ya ƙaura.

Su ma kujerun sauyawa suke yi. A Yulin 2004 aka zaɓi majalisun garuruwa. A 2011 aka cire Gazawa da Gangara daga gundumar Agye, suka samu tasu gunduma. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi. Alkawarin baki yana tafiya da wanda ya yi shi. Abin da aka shigar cikin rajista shi sabon shugaba ke tararwa.

Don haka mai kuka, ɗan kasuwa ne a Cadawa ko ma'aikaci a Tsibiri, ya fara da maƙwabcinsa, sannan mai unguwa ko sarki, waɗanda doka ta ba ikon sulhu da rubuta sakamakonsa, an daidaita ko ba a daidaita ba. Idan abin ya faskara, ya rubuta wa ma'aikatar magajin gari wasiƙa kofi biyu, ya ambaci wuri da ranaku da sa'o'in ƙarar, a buga wa nasa kofin hatimi da kwanan wata. A ranar kuma ya tambayi akawun kotu kwana nawa doka ta ba shi, ya rubuta ya ajiye.

Hukumomin garuruwa su ma da aikinsu: su liƙa wa'adin a ƙofar ofis da Hausa da Faransanci, su sa a karanta shi a gidajen rediyon karkara, su kuma ware wanda zai rubuta wa marar karatu kukansa. Haƙƙin da mai shi bai san ranar ƙarewarsa ba, da sauƙi yake kuɓuce masa.