Ƙaramin bankin unguwarku: kin taɓa gwada cire kuɗinki?

A ƙarƙashin rubutun makon jiya wata 'yar'uwa ta bar tambayar da ta tsaya mini a rai. Ta ce shekara uku ke nan tana tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta a wani ƙaramin banki da ke bakin kasuwarsu, yanzu kuma an fara raɗe-raɗin wai bankin na tangal-tangal. Manajan dai mutumin kirki ne, sahu ɗaya suke sallah da maigidanta. Ta kwashe ne ko ta bari?

'Yar'uwa, kirkin manaja daban, lafiyar banki daban. Mutum na iya zama mai amana alhali asusun da yake riƙe da shi ya riga ya zube ta ƙasa.

Irin waɗannan bankuna sun daɗe da mu. A 1990 aka fara kafa bankunan al'umma a Najeriya, sannan a 2005 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fito da tsarin da ya mayar da su ƙananan bankunan da muke kira maikurofainans. Sun yi wa mata rana, wannan ba musu. Mai ƙosai da mai ɗinki da babban banki ba zai ko dube su ba, a nan suka samu jari. Sai dai sukan mutu, kuma da yawa a lokaci guda. A 2010 CBN ya sanar da soke lasisin guda 224, a watan Mayun 2023 kuma ya soke na 179.

Ki gane yadda abin yake. Kuɗin da kika kai ba a cikin akwati yake kwance yana jiranki ba. An ranta wa 'yan kasuwa, suna biya da kaɗan-kaɗan, daga abin da ke dawowa ne ake ba ki idan kin zo cira. In masu bashi suka daina biya, musamman in bashin ya tafi hannun masu bankin da danginsu waɗanda ba mai iya matsa musu, sai rijiyar ta fara ƙafewa. Fenti na nan, mai gadi na nan, murmushin ma'aikata na nan. A bakin kanta kawai ake ganewa.

Shi ya sa nake cewa ki gwada. Ki zaɓi rana haka kawai, ki je ki nemi wani kaso mai ɗan kauri daga ajiyarki. In an ƙirga an miƙo miki, madalla, gobe ma kina iya mayarwa. In kuwa aka ce babu netwok, ki dawo jibi, jibin ma aka ce manaja ya fita, ko aka yanka miki abin da za ki iya cira a rana ba tare da wani dalili ba, to kin samu amsarki. Haka in kika ji ma'aikatan na kukan albashi, ko aka fara lallashinki da ribar da ta wuce hankali don ki bar kuɗin. Waɗanda MMM ta cinye a 2016 har yau ba su manta daɗin bakin ba.

Sai maganar lasisi. Ba duk wurin da aka rataya allo mai sunan banki ba ne banki. Sunayen masu lasisi na shafin intanet na CBN, na masu inshora kuma na shafin NDIC, hukumar da ke inshorar kuɗin masu ajiya. Wayar da kike karanta wannan da ita ta isa ki duba, ki kuma tabbatar sunan ya yi daidai harafi da harafi. Ƙungiyar gama-kai da adashin unguwa, duk kyawunsu, NDIC ba ta san da zamansu ba.

Tun 2024 hukumar ke biyan mai ajiya a ƙaramin banki har naira miliyan 2 idan bankin ya rushe. A da dubu 200 ne kacal. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarori an karɓo basussuka, wannan kuwa kan ɗauki shekaru, biki ba zai jira ba. Buɗe asusu biyu a banki ɗaya ba dabara ba ce, haɗe su za a yi a lissafa miki.

Amma inda mu mata muka fi faɗawa shi ne nan: NDIC abin da ke cikin littafin banki take biya. Da yawanmu ba ma fita, yaron banki ne ke zuwa har ƙofar gida kullum ya karɓa, ya sa hannu a ɗan kati. Na san wata maƙwabciya da katinta ya cika taf, ashe rabin kuɗin bai taɓa shiga asusun ba. Ta yi kuka har ta gode Allah. Duk ranar da kika ba da kuɗi saƙo bai shigo wayarki ba, ki tambaya a ranar. Duk bayan wata uku ki nemi takardar bayanin asusu ki gwada ta da katinki. Asusun kuma ya kasance da sunanki, da BVN ɗinki, da lambar wayarki, ba ta ɗanki da ke makaranta a wani gari ba. Da aka rufe bankin Heritage a Yunin 2024, ta BVN aka bi aka tura wa mutane kuɗinsu a asusunsu na wasu bankuna. Waɗanda ba su da wani asusun sai da suka bi layin cike takardu.

Ga mai tambayarmu: ban ce ki tara matan layi ku yi wa bankin ca saboda jita-jita ba, don ko lafiyayyen banki in kowa ya zo rana ɗaya durƙushewa zai yi. Ki duba lasisin yau, ki gwada cira cikin makon nan. Tunda bikin ya matso, ni da ni ce da na fara mayar da kuɗin kaya, gado da katifa da kwanuka, abin da ya rage in raba shi wuri biyu. In sun hana ki, ki rubuta musu ƙorafi ki riƙe kwafi. In mako biyu ya wuce shiru, ki kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN. Ki dawo nan ƙasa ki faɗa mana yadda kuka yi da su, amma kada ki sa lambar asusunki.