Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya gefe, in taɓo wata magana da ta shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu.

Kusan kullum sai ka ji an ce jami'a kaza ta ƙulla ƙawance da wata jami'a a Masar ko Malesiya ko Ingila, a sa hannu, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Ni ban ƙi ba, neman ilimi ai ba shi da iyaka. Tambayata ɗaya ce: ranar da siyasa ta juya, me takardar nan ta tanadar wa ɗalibi?

Mu dubi Sudan. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, yaranmu da yawa suna karatu a can, musamman a Jami'ar Afirka. Da ƙyar aka kwaso su a motoci, wasu suka yi kwanaki a kan iyakar Masar. Sun dawo da ransu, alhamdu lillahi, amma da yawansu takardun sakamakonsu suna can, sai daga baya aka shiga neman yadda jami'o'in gida za su karɓe su. A shekarar kuma wata jami'ar likitanci ta Khartoum ta kai ɗalibanta Ruwanda da Tanzaniya suka ci gaba da koyon aiki a asibiti. To ka ga inda zumunci ya yi rana.

Haka a Nijar, bayan juyin mulkin Yuli 2023 Najeriya ta rufe iyaka har zuwa Maris 2024, Faransa kuma ta dakatar da bizar ɗalibai. Manya suka yi faɗa, ɗalibin da bai san hawa ba bai san sauka ba ya kwana a ciki.

Saboda haka ina roƙon shugabannin jami'o'inmu, duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu a rubuta ƙarara: in rikici ya tashi wace jami'a za ta karɓi yaran, a wane aji za su ci gaba, kuma a riƙa ajiye kwafin sakamakonsu a gida duk zango. Kada kuma a rataya komai a wuyan ƙasa ɗaya. Ku ma iyaye, kafin a sayar da gona a biya kuɗin makaranta, ku yi wannan tambayar.

Allah Ya tsare mana zuri'a, amin. Sai mun haɗu a ci gaban littafi.